Gado biyu, rubutu ɗaya

A rubutun boko, gadon da ake hawa da gadon da ake ci duk "gado" ake rubuta su. Sai a baki suke rabuwa: na kwanciya da na sarauta gajere ne, na dukiyar mamaci kuwa ana jan wasalinsa, murya ta sauka a ƙarshe. Siyasarmu ma ta iya ɓoye wannan bambanci. A takarda an hau gado ne ta ƙuri'a. In ka kasa kunne, gado aka ci.

Ku dubi Togo. Eyadema ya yi shekara 38 a kan mulki, ya rasu a 2005, sojoji suka ɗora ɗansa Faure, daga baya aka kira zaɓe. A Cadi, Idriss Deby ya rasu a 2021, Mahamat ya zauna, a 2024 ƙuri'a ta sa hannu. Mu ma nan gida mun ga Abba Issoufou ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Bazoum, a 2021 ya zama ministan man fetur.

Ni dai ban ce ɗan shugaba ba ɗan ƙasa ba ne. Ɗan maƙeri ma a bakin wuta yake koyon ƙira. Amma maƙera tasu ce, ƙasa kuwa ta kowa. Abin da ke damuna shi ne inda ake raba gadon: ba ranar zaɓe ba ne. A zaɓen depite da muka saba, jerin sunayen jam'iyya muke jefa wa ƙuri'a, ba mutum ɗaya ba.  To wa ke tsara jerin? A zauren wa? Kai da ka sha rana kana liƙa hotuna, sunanka na can ƙasa, in ma yana ciki.

Kuma laifin ba nasu kaɗai ba ne. Tambayarmu ta farko kullum ita ce "ɗan wa ne?", kamar masu binciken aure.

Amma suna ba laya ba ne. A 2009 mutanen Dakar sun kayar da jerin da Karim Wade yake ciki, alhali mahaifinsa na kan mulki. Ƴan'uwa, duk ranar da aka sake kiran mu zaɓe, mu nemi ganin jerin tun ana rubuta shi, mu tambayi kowa abin da ya yi da hannunsa.