Keke a duwatsun Azbin

Ni mutumin Maraɗi ne. A wajenmu ƙasa shimfiɗe take, rairayi kaɗai ke wahal da mai keke. Azbin kuwa, arewa da Agadas, ƙasar duwatsu ce. Can ne dutsin Bagzam yake, wanda tsawonsa ya kai mita 2022.

Na hau keke a hanyoyin da ke kewaye da Timiya. Ba don keke aka yi su ba, sawun jakai da raƙuma ne. Keken hawan dutsi yana da taya mai kauri, amma duk da haka wani wurin sai ka sauka ka saɓa shi a kafaɗa.

Mutane suna tsammani hawa ya fi wuya. Ni dai gangara nake tsoro. Tsakuwa tana zamewa, in ka matse birkin gaba da ƙarfi, keke ya kife da kai, ga likita da nisa. Sai ka ja jikinka baya, ka riƙa taɓa birki sannu-sannu.

In kuma ka gamu da jaki ɗauke da lemu daga garakan Timiya, kai ne za ka raɓe, shi ba ya kaucewa.