Tsaftar Na'urar Numfashin Barci

Mai fama da ɗaukewar numfashi cikin barci ya san darajar na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan ya fito da ita a Sidni ta ƙasar Ostireliya a 1981. Tana hura iska a hankali don kada maƙogwaro ya toshe. Abin da nake yawan tunani a kai shi ne, duk abin da ya kwana a cikin tiyonta, shi mutum zai shaƙa har asuba.

Takunkumin na'urar da ake sawa a fuska ne ya fi bukatar kulawa, domin maiƙon fuska da gumi suna taruwa a bakinsa, su hana shi kama fata, iska ta riƙa zurarewa. Kowace safiya a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, a ɗauraye, a shanya a inuwa, don rana tana lalata robar. Tiyo da maɗauri, sau ɗaya a mako ya wadatar, amma a rataye tiyon har ya bushe sarai. Danshi ne gidan ƙwayoyin cuta. Ruwan kwalbar tururin na'urar kuwa kada ya kwana biyu, a zubar a sake sabo tatacce. Ban da bilic, ban da turare.

A 2020 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi kan injinan tsaftace CPAP masu amfani da iskar ozon. Ni dai na fi natsuwa da hannu da sabulu.

Idan hunturu ya shigo da ƙurarsa, don Allah a riƙa duba matatar iskar akai-akai.