Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa: tsohuwar kwamfuta ba ta juji ba ce

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji, ya ratsa Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agiye har Gazawa, zai ga rumfunan masu cajin salula a tasha da bakin kasuwa. A wasu rumfunan akwai kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ƴan lakwal ke ce ma ordinater. Da ita ake zuba ma mutane wa'azi da waƙa cikin salula, da ita ake buga lissafin ƙungiyar manoma.

Yawancinsu ba sababbi ba ne. Sun yi aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso kasuwanninmu. HP ne, ko Dell, ko Lenovo.

Agiye ƙasar aya ce da hatsi da wake. Magidanci yakan saida buhunan aya don ya saya ma ɗansa da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi. In ta mutu cikin shekara guda, wahalar damina ce ta tafi banza. To, mi ke kashe ta?

Ƙura ce a gaba. Cikin kwamfuta akwai ƴar fanka mai fidda zafi. Ƙurar hunturu tana toshe mata hanya. Bazara ta zo, zafi ya wuce digiri 40, sai na'ura ta yi ta gurnani, ta ɗauke da kanta. Ba mutuwa ta yi ba. Mai gyara zai kwance ta, ya share ƙurar, ya sake mata man da ke rage zafi. Kada a aza ta bisa katifa ko tabarma mai rairayi. A aza ta bisa tebur ko allo, iska ya shiga ta ƙasa.

In nauyin jiki gare ta, wannan ma da magani. Tana da rumbu, inda take ajiya. Tana da masussuka, inda take aiki, shi ne ake kira RAM. Masussuka in ta yi ƙanƙanta, aiki ba ya sauri. Da yawa ana iya ƙara masu daga jiga 4 zuwa 8. Tsohon rumbu kuwa faifai ne mai juyawa, jijjigar babur da amalanke tana ɓata shi. Sabon, mai suna SSD, babu abin da ke motsi cikinsa. A ganinmu, wanda kuɗinsa bai kai na gyara biyu ba, ya fara da wannan.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannu daga kula da Windows 10. Tsofaffi da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Kada wani ya ruɗe ku ya ce sai sabuwa. Akwai Linux, kyauta ne, kuma yana tafiya da tsohuwar na'ura.

Sai Gazawa. Nan ne wayar lantarkin da ke fitowa daga Katsina take rabuwa, ta nufi Maraɗi da Damagaram. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar, ba ta maido ta ba sai Maris 2024. Masu batir mai rai su ne suka ci gaba da aiki. Saboda haka ranar saye, ku sa a cire waya, ku zauna ku ga minti nawa batir zai riƙe. In wuta ta ɗauke, a zare caja daga bango, don ƙarfin dawowarta yakan ƙone ta. Mai aiki da janareta ko farantin hasken rana, ya tambayi mai gyara kafin ya jona.

Kafin a miƙa ta ga mai gyara, yaro ya kwashe takardun karatunsa cikin ƴar ma'ajiyar nan da ake kira kile, ya sa aljihu. A kuma yi ciniki tun ba a kwance ta ba.