Ranar da memorin Baba ya nemi fomatin

1/ Jama'a, ku matso. Sati biyu da suka wuce saura ƙiris in rasa waƙoƙin da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana tarawa. Zare ne, ku biyo ni. 🧵

2/ Baba mutumin kaset ne: Shata da kalangu, Ɗan Maraya Jos da kuntigi, Ɗanƙwairo, Barmani Coge. Ni na riƙa mayar da su MP3 kaɗan-kaɗan ina zubawa a memori. Kaset ɗin kansu, yoyon ɗaki ya gama da su daminar bara. Memorin nan Hajiya take sawa a 'yar rediyonta kullum bayan la'asar.

3/ A ƙarshen wani kaset, bayan Bakandamiya ta ƙare, akwai muryar Baba yana gwada rikoda, yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Minti biyu kacal. Ita kaɗai ce muryarsa da ta rage mana.

4/ Ran nan Hajiya ta ce rediyo ta yi shiru. Na sa memorin a waya, sai ga saƙo: wai ya lalace, in yi fomatin. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

5/ Don Allah idan ka ga wannan saƙo, kada ka danna. Memori yana da jadawali, kamar littafin mai shago, mai nuna inda kowane fayil yake. Sau da yawa littafin ne ke lalacewa, kayan suna nan. Amma duk abin da ka ƙara zubawa zai iya hawa kansu.

6/ Na ce ba komai, ai ina da kwafi a kwamfuta. Na buɗe folda, ga sunaye reras. Na danna ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Na duba girmansu: 0 KB. Ashe da na sabunta kwafin watan jiya, memorin ya riga ya fara lalacewa. Da hannuna na danne masu lafiya da matattu.

7/ Na gwada PhotoRec, manhaja ce ta kyauta da ke tono fayil ko jadawali ya lalace. Ta ciro wasu, amma ba ta dawo da suna, sai lambobi. Na kwana ina saurare ɗaya-ɗaya. Wasu sun yanke a tsakiya. Muryar Baba ba ta ciki.

8/ Da asuba na tuna a 2021 na ba yayata filash. Na kira ta Zariya.
"Yaya, filashin nan da na ba ki yana nan?"
"Wane filash kuma?"
Kwana uku tana birkita ɗaki. A jakar takardun makaranta ta same shi, ta ba direba a tasha.

9/ Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na kwafe shi a sabuwar folda, ban danne komai ba. Na duba girman kowane fayil, na kunna su. 812, duk lafiya. Waɗanda na mayar bayan 2021, kusan 40, sun tafi ke nan. Laifina ne.

10/ Akwai ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi 3, a ma'ajiya iri 2, kwafi 1 a wani wuri daban. Google Drive na ba da 15GB kyauta, ya ishi waƙoƙi da yawa. Abin da zan ƙara: kwafin da ba ka buɗe ka kunna ba, kada ka ce kana da shi. Kuma kada sabo ya hau kan tsoho sai ka tabbatar.

11/ Jiya bayan la'asar na miƙa wa Hajiya sabon memori. Shata ya gama, aka ɗan yi shiru, sai Baba ya fara kiran sunaye. Da ya zo kan nawa, Hajiya ta ce, "Amsa mana, ana kiranka."

Ku je ku buɗe naku kwafin yau.