Ƙarin garantin mota: a saya ko a bari? (Zare)

1/ Jama'a, akwai wani salo da ya fara shigowa wajen masu sayar da motoci na hannu. Bayan an gama ciniki sai a ce ka ƙara wani abu a ba ka garantin shekara guda, wai in inji ko giya ya samu matsala su za su gyara. An yi mana wannan tayin a gida, ni kuma aka ba takardar in karanta. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri 🧵

2/ Baba ya yi ritaya, garatuti ya fito bayan dogon jira. Burinsa kawai ya daina tsayuwa a rana yana jiran adaidaita sahu duk ranar da zai je awon hawan jini. Aka samo Corolla 2012 'yar tokumbo. Kuɗinta ya cinye fiye da rabin abin da aka biya shi. A cikin ragowar kuɗin rajistata yake, da na ƙanena.

3/ Dilan ya ce a ƙara 350,000 a samu garanti. Maganar ta shigi Baba sosai. Mutumin da ya yi shekara 35 yana aiki, ya kuma san irin wannan kuɗin ba za su sake zuwa ba, da ka ce masa “kwanciyar hankali” ka gama da shi. Ya miƙo min takardar ya ce, “Ke 'yar jami'a, duba mana wannan Turancin.”

4/ Asalin abin daga ƙasashen da ake sayen mota sabuwa dal ne. A Amurka, Toyota na ba sabuwar mota garantin shekara 3 ko mil 36,000, inji da giya kuma shekara 5 ko mil 60,000, duk wanda ya riga cika. Hyundai da Kia har shekara 10 suke bayarwa a kan inji da giya, amma ga wanda ya fara sayen motar. Wannan duk yana cikin kuɗin mota, ba a biya daban.

5/ Na ƙarin kuwa kwantiragin gyara ne da ake saya daban, sau da yawa ma ba kamfanin da ya ƙera motar ke da shi ba. Harkar ta yi ƙaurin suna a can har ta zama abin barkwanci, saboda kiran waya na naɗaɗɗiyar murya da ake damun mutane da shi cewa garantin motarsu ya kusa ƙarewa. A 2023 hukumar sadarwa ta Amurka ta ci tarar wasu masu irin wannan kiran kusan dala miliyan 300.

6/ Mu dawo gida. Motar 2012 garantin kamfaninta ya ƙare tun wajen 2017. Motocin da ake kawo mana da yawa ma daga gwanjo aka ɗauko su, irin su Copart, bayan haɗari ko ambaliya. Ke nan babu wani kamfani a bayan takardar nan. Alkawarin mai filin motoci ne kawai, da hatiminsa.

7/ Shafin farko daɗi gare shi kamar tallan asusu. Shafi na biyu, inda rubutun ya ƙanƙance, a nan maganar take. Ba ruwansu da birki, taya, batir, shokozoba, fitilu, wayoyin lantarki da na'urar sanyi. Wato duk abin da titunanmu ke ci kullum an zare shi.

8/ Saura inji da giya, su ma da sharuɗɗa. Ba za su gyara ba in injin ya ɗau zafi. To fisabilillahi, a Kano cikin Afrilu ta wace hanya inji ke mutuwa? Fanka ta tsaya a cunkoso, ko lagireto ya toshe, allurar zafi ta hau, gasket ya ƙone. Hanyar ke nan da aka fi sani, ita ce kuma suka fara cirewa.

9/ Ba za su gyara ba in “gurɓataccen mai” ne ya jawo. Wanda ya tuna farkon 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol ƙasar nan motoci suka yi ta lalacewa, ya san ba direba ke zaɓar abin da ke fitowa daga famfon gidan mai ba. Haka in ruwa ya shiga injin. Damina guda a wasu unguwannin ta isa.

10/ Sannan dole duk sabis a garejinsu za a yi, kowane kilomita 5,000, a kuma ajiye rasit. Wani makaniki ya kwance ko da noti ɗaya, garanti ya faɗi. Na ce Baba, in ta tsaya muku a hanyar Gumel da daddare fa? Ku bar ta a daji har a turo mota daga Kano ta jawo ta?

11/ Wanda ya fi ba ni haushi: wa zai tantance abin da ya kashe injin? Makanikinsu. Shi zai duba, shi zai ce zafi ne ko mai ne, ubangidansa kuma ke biya in ya ce ba ko ɗaya. An ba kura ajiyar nama ke nan.

12/ Can ƙasa kuma an rubuta ba za su kashe sama da 600,000 ba a duk shekarar. Ni da Yaya muka je Ƙofar Ruwa muka tambaya, injin irin motar na tokumbo da kuɗin aiki ya tasar wa miliyan ɗaya. Ko ya buga an amince, cikon daga aljihun Baba zai fito.

13/ Lissafin ba wuya. Ka ba da 350 don a ba ka 600, in an ga dama. Kafin wannan ya zama riba gare ka, sai a ce cikin motoci biyu irin taka fiye da ɗaya za ta buga inji cikin shekara. Motar da ke cikin wannan halin kuwa ba garanti take buƙata ba, fasa sayenta ake yi.

14/ Yaya bai yarda da ni nan take ba, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce ki tuna dala: farkon 2023 tana wajen 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kayan gyara suka bi ta. Garanti kamar ka ɗaure farashi ne tun yau. Ya ƙara da cewa Baba ba mai albashi ba ne yanzu, gyaran miliyan ɗaya in ya faɗo masa rana tsaka ajiye motar zai yi.

15/ Na yarda da rabin biyun, shi ne ma dalilin da ya sa mutane ke yin inshora. Amma dalar da za ta bugi Baba ita za ta bugi dilan. Ranar da inji ya ninka kuɗi, ranar zai fi ƙwazon binciko sharaɗin da aka karya. Kai kuma sai ka kai ƙara kotu kana zarya, motar na fake tana shan ƙura.

16/ Baba shi tambayarsa daban ce: halal ne? Ya tambayi malaminsu bayan magariba. Malam ya ce garantin da ya zo cikin ciniki daban, wanda aka saya shi kaɗai kuma ya yi kama da inshora, akwai garari a ciki, malamai sun yi saɓani. Wannan kam ba fagena ba ne.

17/ Abin da muka yi kafin a biya kuɗin motar: muka ɗauko makanikin unguwarmu da sassafe, tun injin na sanyi ba a tayar da shi ba. Ya jona na'urar bincike, ya buɗe murfin baƙin mai ya duba ko ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ya leƙa ƙasa, sannan aka hau titin Zariya a ji yadda giya ke shiga.

18/ Ni kuma na kwafi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke jikin gilashin gaba, muka biya aka ciro tarihin motar ta intanet. Ya nuna an taɓa bugun gabanta. Makaniki ya ce fankar ma ta yi sanyi. Duk binciken bai kai 40,000 ba, da shi kuma aka rage mana 150,000.

19/ Muka kuma roƙi abin da iyayenmu suka saba tun da: mako guda na gwaji, in inji ko giya ya nuna aibi a dawo da mota. Aka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu. Ko sisi ba a ƙara ba.

20/ 350,000 ɗin aka buɗe musu asusu daban. Nan fa raunin shawarata yake, don kuɗin da ke ajiye a gidan Bahaushe biki da suna da “a ɗan ranta min” ba sa barinsu. Baba da kansa ya ce a ba Mama katin. Wallahi ko ni da na zo da maganar kuɗin hannun komawa makaranta kallo ɗaya ta yi min na canza zance 😭

21/ Inshorar dole ta 15,000 daban ce fa, kada a haɗa. Ita ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba gyaran motarka ba.

22/ Wata bakwai ke nan. An canza fanka, batir, birkin gaba da shokozoba biyu, babu ko ɗaya da takardar nan za ta biya. Ban ce wannan ya tabbatar da komai ba, inji na iya bugawa gobe. Amma in ya buga, abin da ya rage a asusun na hannunmu, ba sai makanikin wani ya yi mana hukunci ba.

23/ Da sabuwar mota ce, kamfanin da ya ƙera ta ne da kansa ke tsawaita garantin, sunansa ne a takarda, kuma yana da gareji a garinmu, da na zauna na sake lissafi. Musamman motocin nan masu yawan na'urori da in ƙwaƙwalwarsu ta taɓu sai an yi odar wata daga waje.

24/ Masu turo min saƙo kuna tambayar sunan dilan, ba zan faɗa ba. Motar da ya sayar mana lafiyarta lau, kuma har yanzu sahu ɗaya suke sallar Juma'a da Baba.