Wasiƙu Uku Na Yayana

Ina so in ba ku labarin wani abu da ya faru a gidanmu cikin dogon hutu na shekarar 2025. Abokaina na ɗakin kwana sun san rabin labarin, har sun sha yi mini dariya a kansa. To, yau zan cika musu sauran rabin.

Garinmu yana ƙasar Arewa ne, cikin Jihar Kebbi, dab da iyakar Nijar. Babanmu manomi ne, yakan kuma taɓa cinikin hatsi ran kasuwa. Mu bakwai ne wurinsa, ni ne na huɗu. Babban wanmu, wanda muke kira Yaya, shi ne ya fara shiga jami'a a duk zuriyarmu, kuma Faransanci ya karanta. Har ya yi zama a Ƙauyen Faransanci na Badagiri, can Jihar Legas, wanda gwamnati ta kafa a 1991 domin masu koyon harshen su sami inda za su riƙa magana da shi dare da rana. Da ya gama bautar ƙasa sai ya nemi gurbin karatun digiri na biyu a jami'o'i uku, yana cewa ko ɗaya ta kama. Ashe duka ukun za su karɓe shi.

Ta farko ita ce jami'ar Bezanson, wani birni a gabashin Faransa kusa da iyakar Suwizalan, inda aka haifi shahararren marubucinsu Victor Hugo a 1802. Ta biyu Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ta uku kuwa Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, babban birnin Nijar. Wasiƙun ta intanet suka zo, ya kai aka buga masa su a takarda.

Ran ziyara ta ƙarshe kafin hutu Yaya ya zo ganina, ya nuna mini su. Ni dai ban ga biyun ba, ta Faransa kaɗai idona ya gani. Tun bai kai tasha ba na baza labari. Kafin a tashi karatun dare babu wanda bai ji ba cewa wan wane zai tafi Faransa. Har alkawari na yi wa mutum uku cewa za a kawo musu rigar ƙwallo daga can. Magana zarar bunu ce, sai daga baya na san haka.

Da muka koma gida hutu sai na tarar ashe ba a yanke shawara ba. Baba yana tare da ni, Faransa yake so. Ya ce tun da aka kafa garinmu ba a taɓa jin ɗan wani ya je Turai karatu ba, in Allah ya nufa nasa ne na farko, don me zai hana? Inna kuwa Zariya take so. Ita ba ta faɗin sunan Yaya, saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce, "Yaron nan in ya yi ciwo a can, wa zai kai masa ko ruwa?" Yamai kam babu wanda ya ko ambace ta. Muna ganin Nijar nan ce bayan gida, inda muke zuwa biki da ta'aziyya, ina abin alfahari a ciki?

Wata rana bayan sallar isha'i Yaya ya ɗauko takarda da alƙalami, ya zauna gaban Baba, ya ce in riƙe musu fitila. Ya fara lissafi. Ya ce tun 2019 gwamnatin Faransa ta yanka wa baƙi irinsa kuɗin makaranta yuro 3,770 a shekara don digiri na biyu, an ma ɗan ƙara daga baya, ko da yake waɗansu jami'o'i sukan yi rangwame. Ya ce a bar wannan ma. Kafin a ba shi biza sai ya nuna yana da abin da zai ci da kansa, yuro 615 kowane wata, watau yuro 7,380 a shekara. A lokacin kuwa yuro ɗaya ta haura naira 1,500. Da ya buga, sai ga fiye da naira miliyan 11 na ci da sha da kwana kawai, ban da kuɗin jirgi, kuma karatun shekara biyu ne. Wasiƙar ta ba shi gurbi, amma ba ta zo da tallafin ko kwabo ba.

Baba ya yi shiru, har na zaci ya haƙura. Can sai ya ce, "Gonar fadama tana nan. Alhaji ya daɗe yana nemanta."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi mini afuwa, ka ba ni kwana bakwai in yi tunani."

Ni a raina murna nake yi, ina cewa shi ke nan, an gama. Ko kaɗan ban tsaya na tambayi kaina ba daga ina garin kwaki da sabulu da kuɗin motar da nake zuwa makaranta da su suke fitowa.

Kashegari Yaya ya ce in raka shi wurin tsohon malaminsa na Faransanci, wanda ya yi ritaya. Yara suna kiransa Mushe, yadda mutanen Nijar ke kiran malaman boko. Ba mushen dabba ba ne, kalmar girmamawa ce ta Faransanci. Shi kansa ya taɓa yin kwas a Bezanson yana saurayi, da kuɗin gwamnati. Na tabbata zai goyi bayana. Ya kuwa yabi wurin ƙwarai. Ya ce akwai wata cibiya a can da aka kafa tun 1958, wadda ta yi suna wajen koyar da malamai dabarun koya wa baƙi Faransanci. Ya ce in Yaya so yake ya ƙware a wannan fanni, da wuya ya sami inda ya fi can.

Sa'an nan ya gyara zama ya ce, "Amma fa digiri na biyu ba kamar na farko ba ne. A na farko malami ke ba ka tambaya, a na biyu kai za ka zo da taka. Mece ce taka?"

Yaya ya ce tun yana aji uku na jami'a ya karanta wani littafi mai suna Sarraounia, watau Sarauniya, wanda Abdullahi Mamani, mutumin Nijar, ya rubuta da Faransanci aka buga a 1980. Labarin Sarauniyar Lugu ne, a ƙasar Dogon Dutsi, wadda ta yi tsayayya da rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan a 1899, rundunar da ta ƙone garuruwa da yawa a kan hanyarta ta zuwa Tabkin Chadi. Har an yi sinima da labarin a 1986, ta kuma ci babbar kyauta a bikin sinima na Wagadugu a 1987. Yaya ya ce abin da yake so ya sani shi ne, me ya ragu, me kuma ya ƙaru, sa'ad da aka ɗauki labarin Hausawa daga bakinsu aka zuba shi cikin Faransanci.

Mushe ya ce, "Madalla. To, ka rubuta wa ko'ina ka tambaya, wane malami zai duba aikinka, kuma ya san wannan fanni? Jami'a gini ce, mutum ɗaya za ka zauna gabansa shekara biyu. Sa'an nan ka duba wa zai biya har ƙarshe, ba farko kaɗai ba. Na ga waɗanda suka tafi da kuɗin shekara ɗaya, suka ƙare da wankin kwanuka, suka dawo ba takarda ba gona."

Yaya ya rubuta wasiƙun. Duka wuraren uku sun amsa cikin mutunci. Na Bezanson suka ce gurbin da suka ba shi na koyar da harshe ne, ba na adabi ba. Daga Zariya da Yamai kuwa aka sami malaman da suka ce za su duba irin wannan aiki. Sai Yaya ya shiga auna biyun. Zariya gida ce, tsohuwar jami'a ce tun 1962, takardarta ba mai tambaya a Nijeriya. Abin da yake tsoro shi ne irin yajin aikin da ya rufe jami'o'in gwamnatin tarayya wata takwas a 2022, wanda ya ci shi yana ɗalibi. Yamai kuma Faransanci ake karatu da shi daga safe har yamma, amma tun juyin mulkin 2023 al'amura suka canza, har an rufe iyaka wata da watanni, ga kuma rashin tsaro a hanya.

Wadda ta warware mana kullin ita ce wadda ba wanda ya nemi shawararta, watau Kaka, mahaifiyar Baba. Ita a wani ƙauye na ƙasar Dogon Dutsi aka haife ta, aure ya kawo ta wannan gefe. Tana jinmu muna ta ambaton Sarauniya, sai ta ce, "Wace daga ciki?" Muka ce ai guda ɗaya ce. Ta yi dariya ta ce Sarauniya sarauta ce, in wata ta rasu sai a naɗa wata. Ta shiga ba mu abin da ta ji daga bakin kakarta, yadda mutane suka watse cikin daji da jin ƙarar bindigogin Nasara, da yadda suka dawo suka tarar da toka. Yaya ya jawo littafinsa yana rubutu hannu na rawa. Da ta gama sai ta dube shi ta ce, "Kai da kake neman wannan, me za ka je yi bayan teku? Masu labarin suna nan, kuma mutuwa muke yi ɗaya bayan ɗaya."

Ran kwana na bakwai Yaya ya gaya wa Baba Yamai ya zaɓa. Ya ce akwai cibiyar tattara tarihin baka a birnin tun 1968, kuma Dogon Dutsi ba ta kai kilomita 300 daga can ba, hanya ɗaya ce ta Doso. Baba ya ɓata rai. Ya ce, "Ba na ji a rediyo su kansu sun sauke Faransancin ba? Abin da masu shi suka ajiye shi za ka je ka ɗauka?"

Yaya ya ce, "Gaskiya ne, Baba. A watan Maris na bana sun mai da Hausa harshen ƙasa, sun kuma fita daga ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci. Amma sun bar shi cikin harsunan aiki, shi da Ingilishi. Dokokinsu da littattafansu na shekara da shekaru duk da shi aka rubuta. In ana so a mai da su Hausa, wa zai yi in ba wanda ya san biyun ba?"

Baba bai ce kome ba ran nan. Kwana biyu ba ya sakin fuska. A na uku ya kira Yaya ya sa masa albarka, ya kuma aika wa Alhaji cewa gona ba ta sayarwa ba ce. Inna ma ba ta sami yadda take so ba, don har yanzu in Yaya yana kan hanya ba ta iya barci sai ya buga waya ya ce ya sauka.

Saura ni. Ran da muka dawo makaranta, tun daga bakin ƙofa ake tambayata rigunan ƙwallo. Dole na faɗi gaskiya. Aka yi ta shewa, wani ya ce ashe Faransar wane a mota ake zuwa. Na ji kunya ƙwarai, har na yi fushi da Yaya a raina. Amma da dare, da na buɗe akwatina na ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulun da aka haɗo mini, sai na tuna kuɗin albasar fadamar nan ne. Da an sayar da ita, watakila da ni da ƙannena uku ne za mu biya kuɗin alfaharin da nake yi, ba mu sani ba.

Ba zan ce muku Yamai ta fi Bezanson ko Zariya ba. Wanda yake so ya zama gwanin koyar da harshe, ya kuma sami mai ɗaukar nauyinsa, ya tafi Bezanson. Shi kansa Yaya yana cewa in ya gama, in ya sami tallafi, zai so ya je Faransa digiri na uku, domin yawancin takardun da Faransawa suka rubuta kan wannan yaƙi suna can. Har yau kuma, in faɗi gaskiya, ina sha'awar in ga hotonsa cikin ƙanƙara.

Abin da na koya dai shi ne, in wasiƙu irin waɗannan suka zo, sunan gari shi ne abu na ƙarshe da za a duba. A fara da tambayar da mutum yake so ya amsa, da malamin da zai zauna gabansa, da aljihun da za a taɓa. Mu 'yan aji biyar, baɗi war haka za mu fara cika takardun neman jami'a. Ni kam na yi niyya, kafin in rubuta sunan kowace, sai na zauna da Baba da fitila da alƙalami. Kuma ba zan sake yi wa kowa alkawarin riga ba.