Tsakanin 54 da 56, Wane Keke Za Ka Ɗauka?

Keken tsere, irin mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, ba a sayensa da ido kawai. Firam ɗinsa yana da lamba kamar takalmi: 50, 52, 54, 56, 58. Lambar santimita ce, kuma asalinta tsawon ƙarfen nan ne da ya tashi daga wajen feda zuwa ƙarƙashin sirdi. Sai dai jikin ɗan Adam ba ya girma da tsallaken biyu-biyu. Shi ya sa da yawanmu, mu ɗaliban jami'a masu hawa irin wannan keke, muka tsinci kanmu a tsaka mai wuya: wannan ya ɗan yi kaɗan, wancan ya ɗan yi yawa. Ku ƙannenmu na sakandare da kuke tara kuɗi, ko kuke lallaɓa Baba ya saya muku, wannan tambaya tana nan tana jiranku a kasuwa.

Yawancinmu a kan tsohon Rale ko Fonis na gida muka koyi keke, muna zura ƙafa ta cikin firam saboda sirdin ya fi ƙarfinmu. Daga nan muka taso da tunanin cewa kowane keke yana hawuwa. Na tsere ba haka yake ba. A kansa a sunkuye kake, nauyinka ya rabu tsakanin sirdi da hannuwa, kuma gudunsa ya fi na wancan nesa ba kusa ba. Idan ya yi maka tsawo, wuya da kafaɗa da ƙugu za su yi ta ciwo, yatsunka kuma da ƙyar za su kamo birki. Ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya gifta maka, wannan 'yar tazarar ce za ta raba tsayawa da faɗuwa. Ga shi yawancin irin waɗannan kekuna 'yan Kwatano ne, in ka biya ka biya ke nan.

Abu na farko shi ne awo. Ka cire takalmi, ka jingina da bango, ka matse littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka ya tokare sama kamar sirdi. Wani ya ɗauki tef irin na tela ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Abin da ya samu sai a ninka shi da 0.67. Misali, mai ƙafa santimita 82 zai samu kusan 55. To, ga shi nan tsakanin 54 da 56.

A irin wannan hali mu ƙaramin muke ɗauka, kuma dalilin mai sauƙi ne: ƙaramin firam yana karɓar ƙari, babba kuwa ba ya karɓar ragi sosai. Ana iya ɗaga sirdi. Ana iya sauya wuyan keke, wato guntun ƙarfen da ya haɗa kai da firam, a cire mai santimita 10 a sa mai 11 ko 12. Tun da bambancin miƙa hannu tsakanin 54 da 56 bai cika wuce santimita ɗaya ko biyu ba, sabon wuya ya isa ya cike shi. Amma in firam ya yi girma, sai dai a yi ta gajarta wuyan, kuma in ya gajarce da yawa kan keken yakan yi rawa, ƙaramin motsi ya karkatar da kai. Ɗaga sirdin ma yana da iyaka. A jikin sandarsa akwai layi da kamfani ya zana, duk wanda ya zaro ta har layin ya fito fili yana iya karya sandar ko ya tsaga firam.

Mun san abin da za a faɗa muku a gida: "A sayi babba, ai girma yake yi." Da haka aka ɗinka mana yunifom muka yi ta naɗe hannun riga, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar da wandonsa yake ɗangalewa duk shekara yana iya ɗaukar 56 ɗin. Haka ma wanda in ya buɗe hannuwansa faɗinsu ya fi tsayinsa, ko wanda sunkuyo sosai yake wahalar da bayansa, domin gaban babban firam ya fi tudu. Amma da sharaɗi uku, kuma a yau za a cika su, ba baɗi ba. Ka tsaya ƙafafu a ƙasa, firam a tsakaninsu, a samu aƙalla faɗin yatsu biyu tsakaninka da ƙarfen sama. Ka hau ka riƙe kai, gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwashe. Sannan yatsunka su matse birki ba tare da ka zame gaba daga sirdi ba. In ɗaya ya gagara, ka ce wa Baba cikin ladabi riga ana naɗe ta, ƙarfe kuwa ba ya naɗuwa.

Bayan an saya, saura tsayin sirdi. Greg LeMond, Ba'amurken da ya lashe gasar Tour de France a 1986 da 1989 da 1990, ya yaɗa wani lissafi da ake amfani da shi har yanzu: a ninka awon ƙafa da 0.883. Mai santimita 82 zai samu kusan 72, daga tsakiyar inda feda take juyawa zuwa saman sirdi. In babu tef, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa gwiwa yake ci.

Ku tuna kuma 54 na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da 54 na wancan ba, wasu ma S, M da L suke rubutawa. Don haka ku tafi kasuwa da tef a aljihu da awonku a takarda. Kada kyan fenti ko zaƙin bakin mai kaya ya ruɗe ku. Ku ce masa, "Malam, bari in ɗan zagaya da shi." Gani ya kori ji, kuma mai kayan kirki ba zai hana ba.